Reshen Tumfafiyar da na Kafa a Ɗaki

Dogon Dutsi, farkon watan Disamba

Zuwa ga ɗana Na-Iya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wagga takarda ta iske ku lafiya, kai da Saratu da 'yan biyunku, Hasana da Usaina. Ya gajiyar ƙaura, ya baƙunta, ya ruwan Tibiri? Allah ya sa kun sauka a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya tsare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Innarka tana gaishe ku. Har yau in za ta raba tuwo sai ta ɗauko ƙananan kwanoni biyu, sannan ta tuna ta mayar.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan kuna jin shi a waya. Ni a waya bakina nauyi yake yi, daga gaisuwa sai gaisuwa, shi ya sa na ɗauki takarda. Ranar da kunka ɗora kaya a mota na ga dogon kwalin nan bisa katifa, sapan ɗin roba, iccen adon nan da ka sayo a Yamai don sallarmu ta Nowel, da fitilunsa. Na ga Usaina ta ɗage bisa yatsun ƙafa tana jan igiyar da anka ɗaure shi da ita. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ce maka, "Ku sauka lafiya." Shekara talatin ke nan ina buɗe baki bisa wagga magana ina rufewa. Yau dai zan faɗa maka, don bana ne karo na farko da za ku kafa icce a gidanku, ba ni kusa, ba innarka kusa, ga yara biyu da ba su kai shekara biyu ba.

Lokacin da kake kamarsu, ni sabon malamin lakkwal ne, makarantar boko, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ban daɗe da karɓar baftisma ba, ga takardar shaida a bango, ga keke, ga yaran unguwa suna ta kirana "mushe, mushe", wato malam da Faransanci. A littafin karatun da nake koyarwa akwai hoton iccen Nowel, kore shar, da ƙwallaye suna reto. Na rantse sai na yi irinsa a ɗakina. 'Yan'uwa a majami'a reshen bedi, wato dogon yaro, suke kafawa, ni kuwa na raina shi, don kwana ɗaya ganyensa ke yi ya langaɓe. Wata ranar Alhamis ina dawowa ta bakin fadama na hangi tumfafiya tsaye, ganye fato-fato, ga 'ya'yanta kore, zagaye, a kumbure, suna rataye kamar wani ya ɗaura su da hannu. Na taka birki na tsaya ina kallo baki sake. Na ce ashe Allah ya riga ya yi mana namu iccen da ƙwallayensa, mu ne ba mu lura ba.

Kar ka ce ban san nononta ba. Wane ɗan Arewa ne bai san nonon tumfafiya yana kashe ido ba? Da tsumma na naɗe hannuna kafin in sare ta. Da na iso gida na babbake gindin da wuta don nonon ya tsaya, na cusa shi cikin bokitin yashi, na ce an gama. Na naɗe 'ya'yan da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi, na yayyafa auduga, na rataya alawa da zare. Gaskiya ya yi kyau. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa, kuma har yanzu ina jin haushin kaina da yake ba ni sha'awa.

Kwana uku kafin salla kakarka Iya ta iso daga ƙauye, can bayan Ɗan Kassari, bisa amalanken jaki, da damin gero da zabo guda. Ka san ba ta taɓa bin addinina ba har ta koma ga Mahaliccinta, tana nan bisa abin da ta iske iyayenta suna yi. Amma sallar ɗanta ba ta wuce ta. Ta sauko tana kiran, "Ina mijina, ina maigidana?" Ka sheƙo da gudu ka faɗa jikinta. Tana ɗauke da kai ta leƙa ɗaki, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Ta ce, "Mi ya kawo tumfafiya cikin ɗaki?"

Na ce, "Iya, mu yanzu mun bar tsoron icce. Babu doguwa a ciki, babu iska."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ni na ce maka doguwa? Gidan da ke da yaro mai tatata ba a kwana da wagga aba."

Na yi dariya, na ce na ƙona gindin, kuma ai bisa tebur take. Ta gyara maka zama a kafaɗarta ta ce, "To, mushe." Ba ta taɓa kirana haka ba sai ran nan.

Wanga shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Na saba jin Iya tana cewa kar a zauna gindin tsamiya da tsakar rana, kar a zubar da ruwan zafi ba a yi magana ba, na tara maganganunta duka na ɗaure su dami guda na ce tsoron iskoki ne. Ran da ta faɗa mini abin da idonta ya gani, ban iya rarrabewa ba. Kai ma ina jin tsoron ciwona a jikinka, don malamin gona ne kai, ka san sunan kowane icce da Faransanci. In wata tsohuwa a Tibiri ta leƙo ta ce wa Saratu abu kaza ba ya zama kusa da yara, kar ka ce ƙauyanci ne. Ka ba ta kujera ka tambaye ta abin da ta gani. Kuma ko da iccenku na roba ne, na san Saratu da son ado, za ta so ƙara ɗanyen ganye ko fure. Duk abin da anka karya ya fid da farin ruwa, tumfafiya ce, aguwa ce, ko furen shingen ma'aikata ne, kar ya ƙetare zaure.

Na biyu, a tsaye na auna. Na ɗora bokitin bisa tebur, na ja da baya, na dube ka, na dubi iccen, na ce ko ka yi tsalle ba ka kaiwa. Ban taɓa durƙusawa na ga ɗakin yadda kake ganinsa ba. Da na durƙusa, da na ga gefen zanen da innarka ta shimfiɗa a tebur yana lilo daidai goshinka, da na ga kujera 'yar tsugune a gindin gado. Abin da har yau yake ba ni mamaki, kwana uku ka yi kana zama gaban tebur ɗin shiru, yatsa a baki, muna cewa yaron nan akwai hankali. Ashe aiki kake yi. Yaron da bai iya cewa "ruwa" daidai ba, "uwa" kake cewa, shi ne ya zauna ya gano cewa in an ja zane, abin da ke bisa zai sauko. Ni da takardar shaidata ban gano ba. Allah da ya halicci kan yaro shi kaɗai ya san abin da ya zuba a ciki.

Saboda haka ran da za ka kafa naka, ka rufe ƙofa in kana jin kunya, ka sauka bisa gwiwoyi da tafukan hannu, ka yi rarrafe daga bakin ƙofa har gindin iccen. Duk abin da hannunka ya taɓa daga nan, nasu zai taɓa. Ka ƙara kamu biyu bisa haka, don su biyu ne, na sha ganin Hasana ta duƙa Usaina ta taka bayanta. Ƙafafun robar nan uku da ke zuwa cikin kwali ba komai ba ne, kaza ma tana tuntsurar da su. Ka cusa gindin cikin bokitin yashi, ka buga ƙusa biyu a bango, ka ɗaure shi da waya sama da tsakiya, sannan ka ja shi da ƙarfinka ka gani. Kar a shimfiɗa zane ƙarƙashinsa. Igiyar fitilun ta bi ta sama, kar ta ja ƙasa, in kuma babu babba a ɗakin a zare ta daga bango. Kyandir kuwa ko kusa, ga auduga ga roba, ka san sauran.

Na uku shi ya fi ba ni kunya. Ranar da na gama ado, abokaina malamai sun zo kallo. Don in burge su na ɗaga ka, na tsinko alawa daga reshe na sa maka a baki. Ka yi dariya, munka tafa. Ni da hannuna na koya maka cewa iccen nan abin daɗi yake haifa. Kar ka rataya komai na ci, ko alawa, ko biskit, ko dabino. Yaro ba ya rarrabe alawa da ƙwallon gilashi mai ƙyalli, duka baki za su. Ƙwallayen da ke fashewa ka ba wa wanda 'ya'yansa sunka girma. Saratu ta iya ɗinki, ta yi na ƙyalle manya-manya waɗanda ba su shiga baki. Ka kuma bincika kayan adon nan masu ƙiftawa da masu waƙa, akwai ƙananan pil, wato batura, a ciki, zagaye kamar maɓallin riga. In murfin yana buɗewa da farce, kar abin ya kwana a gidanka.

Jajibirin salla da hantsi gidan ya cika. Mata suna tsintar shinkafa, ana figar zabi, Iya tana gindin murhu. Innarka ta sauke ka daga goyo ta ce mini, "Ga shi nan, ka duba shi, zan ɗora tukunya." Na ce to. Sai anka yi sallama a ƙofar gida. Na dubi tsakar gida na ga mutum ya kai goma, na ce a raina ai akwai mutane. Na fita. Gaisuwa ce kawai, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ba mu ko zauna ba. Ina dawowa na tambayi wagga ta ce ta ɗauka kana wurin waccan, waccan ta ce ai ta gan ka tare da ni. Kowa ya gan ka, babu wanda ke dubanka. Ranar taro ka kama sunan mutum guda ka ce, "Wance, ga su a hannunki," ka ji ta amsa, in za ta tashi ita ma ta damƙa wa wani da suna. In kuma ka ji yaran nan sun yi shiru, ka bar abin da kake yi ka je.

Ba mu ji faɗuwar bokitin ba saboda ƙarar turmi. Na ɗaga labule na iske ka zaune a ƙasa cikin yashi, iccen kwance a cinyarka. Ka tsinke ƙwallo guda, ka yage takardar, ka karya reshen. Gindin da na ƙona yana nan baƙi ƙirin, bai zubar da ko ɗigo ba. Amma inda ka karya, nono yana ta tsattsafowa. Hannuwanka fari fat, kana murza idanunka da su duka biyu. Sai a lokacin ka fasa kuka.

Nan ma na ƙara wani kuskuren. Na kama bakin rigata zan goge maka, wato in ƙara cusa shi ciki. Ban san lokacin da Iya ta shigo ba, sai ji na yi an ture ni na bugi bango. Tsohuwar da ke tashi da "wash" ta sure ka kamar ɗan tsako. Ta kwantar da kai bisa cinyar innarka a gindin randa, ta ce a riƙe hannuwanka, ta buɗe idon da yatsu biyu tana kwarara ruwa da moɗa. Kana ihu, innarka tana kuka tana cewa ya isa, Iya ba ta ko ɗaga kai ba. Randa ta ƙare ta ce a kawo ta maƙwabta. Wata ta kawo shawarar a sa kwalli, wata ta ce man shanu, Iya ta ce, "Ruwa kawai." Ka riƙe wannan da kyau. In wani abu ya shiga idon yaro, ban da gogewa, ban da shafe-shafe, ruwa mai tsabta ne da yawa, har ka gaji ka ƙara, sannan a tafi asibiti. In kuwa haɗiye wani abu ya yi, kar ka sa masa yatsa a maƙogwaro, kar ka jira ka gani, ku kama hanya.

Maƙwabcinmu Malam Sani, mai shagon atamfa, yana cikin samarin nan masu tsananin riƙon sunna. Ko naman sallarmu ba ya karɓa, da ladabi yake mayarwa, ni kuma ina jin zafin haka a raina. Shi ne ya ji ihun, ya bar shago a buɗe, ya tada babur ya ce in hau. Yana tuƙi yana addu'a da ƙarfi, ni ina bayansa rungume da kai ina tawa. Manjon asibiti, babban malamin jinya, ya haska idon ya tambaya wa ya wanke shi. Na ce kakarsa. Ya ce ta yi rabin aikin. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya ce saura haƙuri, gani yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, shi ba zai yi mini alkawari ba.

Washegari, ranar Nowel, baƙin idonka ya yi fari-fari kamar gilashin da anka huci. Ka daina kuka, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Kana zaune inda anka ajiye ka. In ka tashi sai ka miƙa hannuwa gaba kana laluben iska, ka ci karo da randa, ka tsaya. In na yi magana sai ka juyo da kunne, ba da fuska ba. Ni da ke karanta nassi a gaban jama'a, ran nan a bencin baya na durƙusa, ban iya ko buɗe baki a waƙa ba. Ana murnar haihuwar jariri, ni na makantar da nawa saboda hoton littafi. Innarka kwana huɗu ba ta dube ni ba, kuma da gaskiyarta. Iya ta fasa komawa ƙauye. Kullum da safe ta zaunar da kai a ƙofar ɗaki inda rana ke faɗowa, tana yi maka wasa, tana cewa mijinta ya yi fushi ya ƙi kallonta don ta tsufa. Ni kuwa ko sau ɗaya ba ta ce mini ai ta faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Rana ta tara, da safe, tana bakace a tabarma kana zaune gefenta. Ina tsaye da keke zan fita. Ƙwayar gero guda ɗaya ta yi tsalle daga faifai ta faɗa bisa tabarma, nesa da kai kamar taki ɗaya. Na ga ka sunkuyar da kai. Ka miƙa hannu, ba lalube, kai tsaye, ka sa yatsu biyu ka ɗauke ta, ka ɗaga kana juya ta a rana. Ƙwayar gero, Na-Iya, abin da ni kaina sai na ƙanƙance ido nake gani. Keken ya suɓuce daga hannuna. Iya ta ajiye faifai a hankali, ta ɗauki wata ƙwayar ta aje can gefe, ka bi ta ka ɗauke. Ta sake, ka sake. Babu wanda ya yi guɗa, innarka ta zauna daɓas a ƙasa da ludayi a hannu. Na karanta labarin makafin da anka buɗe wa ido sau ba adadi, na koyar da shi ga yara, amma ban san girmansa ba sai ran nan a tsakar gidana. Ni na ɓata, ban iya gyara komai ba, kuma anka mayar mini kyauta.

Da ka girma ka tambayi abin da ya sa idonka na hagu ke ruwa in rana ta yi zafi, na ce maka ciwon ido ka yi kana ƙarami. Ba ƙarya ba ce, amma ba gaskiya ba ce. Innarka ta rufa mini asiri, Iya ta tafi da shi kabari. Ban sani ba ko shi ne sanadin tabaran da kake sawa, likita bai taɓa tabbatar mini ba, amma duk ran da na ga ka cire shi kana goge ido sai in tuna tumfafiyar nan. Kai ne ɗan fari, ban saba ko kama sunanka ba, balle in zauna gabanka in ce na yi maka laifi. To na yi. Ka yafe mini.

Kar kuma ka karanta wannan ka mayar da kwalin bisa rufi. Ni haka na yi. Da shekara ta zagayo na ce ni da icce har abada, ko ganyen bedi ba ya shiga ɗakina. Iya ta iso bisa amalanke kamar kullum, ta leƙa ɗaki ta ga wayam. Da la'asar ta ɗauki lauje ta fita bayan gari, ta dawo da reshen kalgo. Ta zauna ta bi shi kaf da hannu, ta wanke shi, ta ɗaura masa zangarniyar gero da ƙyallayen tsohon zanenta ja da shuɗi. Ta sa ni na hau turmi na rataye shi a azara, can sama, ta sa na ja shi sau uku tana kallo. Na ce, "Iya, ke da ba sallarki ba, kuma kin ga abin da ya faru bara."

Ta ɗauke ka ta ɗaga sama, kana nuna ƙyallayen da yatsa kana dariya. Ta ce, "An mayar wa mijina da idanunsa, kai kuma ka hana shi abin kallo?"

Ka kafa musu iccensu. Ka ɗaure shi tamau, ka kunna fitilun, ka ɗauki Hasana a dama Usaina a hagu, ku tsaya su kalla har su ƙoshi. Kai ma ka kalla da kyau.

Ubangiji ya tsare idanunsu da hannuwansu da bakunansu. Ya tsare shigarku da fitarku, ya ba Saratu ƙarfin bin su, ya ba ka kunnen jin magana fiye da wanda ya ba ni. Ya sa ku yi salla lafiya, ku ga sabuwar shekara lafiya, mu sake ganin juna da alheri. Amin.

Ni ne,
Babanka